Fara Koyon Sinanci a Ƙasar Sin

'Yan'uwana malamai, sau da yawa a kan ce babu harshen da ya kai Sinanci wuya. Da ya ke ina zaune a Bejin, babban birnin ƙasar Sin, na kuwa fara koyonsa, na ga ya kamata in bayyana muku inda wuyar ta ke da inda sauƙin ya ke, don kada tsoro ya hana waninku abin da zai amfane shi.

Abin da kan fara razana baƙo shi ne karin murya. A Sinancin da a ke koyarwa a makarantu, gaɓa ɗaya tana iya ɗaukar kari huɗu, kowane da ma'anarsa. Ɗauki "ma". In ka ɗaga murya ka riƙe ta a sama, ka ce uwa. In ka hau da ita kamar mai tambaya, ka ce wata irin rama da a ke igiya da ita. In ka sauka sa'an nan ka hau, doki ke nan. In kuwa ka kā da ita ƙasa da ƙarfi, ka ce zagi. A kasuwa ma, kari kaɗai ya raba "mai" na saye da "mai" na sayarwa. Turawan ajinmu suna shan wahala a nan ƙwarai. Amma Bahaushe fa? Ai tun muna goye kunnenmu ya san bambancin kukan yaro da kukar miya, da kuma wuyan riga da wuyar aiki.

Nahawun kuwa ba shi da tsanani. Mai aiki shi ke zuwa da fari, sa'an nan aikin, sa'an nan abin da aka yi wa, kamar dai Hausa. Babu irin su gida da gidaje, gama yawancin sunaye ba su sake kama don jam'i. Wani abin dariya, a baki "ta" ita ce shi, ita ce kuma ita.

Rubutu dai shi ne babban aiki. Sinawa ba su da abacada irin tamu. Kowace gaɓa mai ma'ana da alamarta, mutum kuwa yana bukatar alama wajen 3,000 kafin ya karanta jarida. Duk da haka akwai dabara ciki. Alamar mutum zane biyu ce, kamar ƙafafun mai tafiya. In an jera alamar itace biyu, an ce kurmi. Mace da yaro tare, an ce kyau. A 1956 hukuma ta fara rage yawan zanen alamomi masu yawa, a 1958 kuma aka fito da Pinyin, watau rubuta lafazin Sinanci da baƙaƙen boko. Da shi baƙo kan fara, da shi kuma yaransu kan fara. Sai dai ba a daɗe a kansa, gama jaridu da takardun ofis duk da alamomi a ke rubuta su.

Amfanin zama cikin masu harshe shi ne makaranta ba ta tashi. Mai sayar da kayan miya malami ne, direban bas malami ne. Ni kan koyi alama biyar da safe, in fita in neme su a jikin kantuna, da dare in rubuta kowace sau ashirin, ina bin zanen bi da bi yadda aka tsara.

Ranar da babban mutum ya tsaya gaban allo bai iya karanta ko kalma ɗaya ba, ran nan ya kan gane halin da ɗan aji ɗaya ke ciki sa'ad da muka rubuta masa A da B. Saboda haka ku riƙa haƙuri da yaranku, ku bar kunne ya ji kafin hannu ya rubuta, ku ba su kaɗan kaɗan kullum. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.