Haƙoran Yara: Kada Mu Ce Ai Za Su Zube

Sau da yawa idan aka nuna wa uwa cewa haƙoran ɗanta ba su zauna daidai ba, sai ta ce, "Ƙyale shi, ai zai yi famfara." Gaskiya ne zai yi. Amma abin da mu iyaye ba mu cika lura da shi ba shi ne, haƙoran farko su ke riƙe wa na dindindin wuri.

Yaro yakan fara haƙori yana da kamar wata 6, kafin ya cika shekara 3 sun kai 20. Famfara takan soma wajen shekara 6, ba ta ƙarewa sai wajen shekara 12. Idan alewa da lemon kwalba suka ruɓar da turmi guda aka cire shi tun lokacinsa bai yi ba, sai na kusa da shi su matso su cike gurbin. Ran da babban haƙori ya tashi fitowa bai sami hanya ba, sai ya fito a karkace, ko ya hau kan ɗan'uwansa.

Abu na biyu shi ne tsotson yatsa. Ga jariri ba laifi ba ne. Amma idan ya zarce shekara 3 zuwa 4, yatsan yakan tura haƙoran sama waje, har yaro ya rufe baki na gaba ba su haɗu ba. In ya daina kafin famfara, galibi sukan koma da kansu. Duka da shafa barkono ba magani ba ne. Lallashi da yabo sun fi aiki.

Wushirya kuwa a bakin ƙaramin yaro ba abin damuwa ba ce. Fili ne da manyan haƙora za su bukata.

To, yaushe za mu nemi likitan haƙori? Mu sa yaro ya cije haƙoransa, mu duba. Idan na ƙasa sun sha gaban na sama, ko haɓarsa tana gocewa gefe guda, ko kullum da baki yake numfashi, kada mu jira, domin irin wannan ba ya cika gyaruwa da kansa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.