Fitilar iskar taya: tana faɗin gaskiya, amma a makare

A unguwar Bukoki ta birnin Yamai, daura da kasuwar Katako, masu facin taya sun saba da wani irin baƙo. Ɗan kasuwa ne ko ma'aikacin gwamnati ya sayi mota ta hannu daga Turai ko Amurka, ga wata ƴar fitila mai ruwan ɗorawa ta kunnu a gaban direba, siffarta kamar tukunya da alamar motsin rai a tsakiya. An ƙara iska, ta ƙi mutuwa. Daga ƙarshe wani sai ya liƙe ta da baƙin salatif, ya kama hanyar Dosso. Alhali kuwa saboda asarar rayuka aka ƙirƙiro wannan fitila.

Asalinta

Motar farko da ta zo da na'urar lura da iskar taya ita ce Porsche 959, a shekara ta 1986. Abin ya zama doka ne bayan haɗurran motocin Ford Explorer masu tayoyin Firestone a Amurka, inda tayoyi suka riƙa ɓarewa ana cikin gudu, mutane da yawa suka rasu. A watan Agusta na 2000 kamfanin ya janye tayoyi miliyan 6 da rabi, a shekarar kuma majalisar ƙasar ta kafa doka. Daga Satumba na 2007 kowace sabuwar ƙaramar mota a Amurka tilas ta zo da na'urar. Tarayyar Turai ta bi sahu daga Nuwamba na 2014. Motocin waɗannan shekaru su ne yanzu ke hannun jama'a a Yamai.

Iri biyu ne

Iri na farko yana auna iskar kai tsaye. A cikin kowace taya, a gindin bututun da ake ɗura iska, akwai ƴar na'ura mai batir da ke aika ma kwamfutar mota saƙo ta hanyar rediyo. Awonta daidai ne, amma batirin a rufe yake, ba a canza shi. Bayan shekara 5 zuwa 10 sai a sake na'urar ɗungurungum. Motar da aka ƙera a 2012 ta riga ta wuce wannan wa'adi. Haka nan ƙarfen da mai faci ke ɓanɓare taya da shi yana iya karya ta nan take. Ga kuma wani tarko: yawancin na Amurka suna aiki bisa zango 315, na Turai bisa 433, saboda haka na'urar da aka ciro daga wata mota ba lalle ta yi magana da wata ba.

Iri na biyu ba ya auna iska ko kaɗan. Yana ƙidaya juyawar ƙafafun mota ta hanyar na'urar birki ta ABS. Tayar da ta sace takan ƙanƙance, sai ta fi sauran saurin juyawa, kwamfuta ta gane. Wannan ya fi araha, ba ruwansa da batir, amma sai mota tana tafiya yake aiki, kuma tsofaffin irinsa ba su ganewa idan tayoyin huɗu sun ragu tare. Duk lokacin da aka ƙara iska ko aka sauya taya, sai an danna maɓalli an sake saita shi. Wanda ya danna a kan tayoyin da ba su cika ba ya koya wa motarsa ƙarya. A 2016 ƙungiyar Transport & Environment ta Turai ta sa an gwada Volkswagen Golf da Fiat 500L bisa hanya, aka tarar sau da yawa fitilar ba ta kunnu ba.

Iyakar amincinta

Dokar Amurka ta ce fitila ta kunnu idan iska ta ragu da kashi 25 cikin 100, ta Turai kashi 20. Ke nan tayar da ya kamata ta ɗauki kilo 2,4 tana iya sauka kusa da 1,8 kafin direba ya ga kome. Taya mai ƙarancin iska tana lanƙwashewa, ta ɗauki zafi, ta ci esansi, ta lalace da wuri. A watan Afrilu, lokacin da zafin Yamai ke haura 40, motar da ta ɗauki iyali da buhunan hatsi bisa kwaltar Ƙonni da Maraɗi tana cikin haɗari tun kafin fitila ta yi magana. Fashewar farat ɗaya kuwa, sanadin rami ko ƙarfe, babu na'urar da ke hango ta.

Yanayi ma yana da hannu: kowane digiri 10 na sauya iskar da kusan kilo 0,1. Shi ya sa da asubahin hunturu fitila kan kunnu, hantsi ya yi ta mutu. Wannan ba lalacewa ba ne, alama ce iskar ta kai gaɓa.

Abin da ya kamata

Fitilar da ta kunnu ta tsaya cik, iska ce ta ragu: a tsaya a duba. Wadda ta yi ta ƙyaftawa kamar minti guda kafin ta tsaya, na'urar ce ta samu matsala. Awon da ya dace yana rubuce a jikin ƙofar direba ko murfin tanki. Lambar da ke jikin taya iyakar abin da take iya ɗauka ce. A auna sau ɗaya a wata da safe, kafin taya ta yi zafi, har da ta ajiya, domin a wasu manyan Toyota ita ma tana da na'ura. Kafin mai faci ya sa ƙarfe, a gaya masa abin da ke ciki.

Ƙwanƙwasa taya da ƙafa ba awo ba ne, salatif kuma ba gyara ba ne. Ma'aunin hannu bai kai kuɗin taya guda ba, balle ran fasinja. Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani.