TEKUN DA YA ƘAFE A BAYAN GIDANMU

Idan ka ce wa manomin Agye ko na Gazawa akwai lokacin da kifaye suka yi iyo a inda kasuwar Madawa take ci a yau, dariya zai yi maka, kuma ba za ka ga laifinsa ba. Mutumin da ke kwana yana duban gabas ko hadari zai taso, wanda matarsa ke jan guga har hannunta ya yi kanta, ina shi ina zancen teku? Daga Maraɗi zuwa gaɓar teku mafi kusa ya ɗara kilometir 800. Amma Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma shaidun wannan magana suna nan kwance cikin dutse, tafiyar da ba ta kai ta yini guda ba a mota daga Gidan Rumji.

Jama'a masu karatu, yau za mu kama hanya mu duba waɗannan shaidu: ina suke, su wa suka tono su, ina aka kai su, kuma mene ne rabonmu a ciki.

Daga rairayi zuwa dutse

Mu tashi daga Gazawa, mu bi babbar hanyar kwalta mu yi yamma. Agye, Cadawa, Maraɗi, Tibiri, Gidan Rumji: ko'ina jigawa ce da gonakin hatsi, da gawo, da kwarin gulbi. Da ƙyar za ka sami dutsen da za ka jefi kare. Amma da ka wuce Gidan Rumji da misalin kilometir 100, ka doshi Madawa, sai ƙasa ta sake kama. Ga tuddai masu shimfiɗaɗɗen kai, baƙar marmara a bisa, fari da rawaya a gefe, ruwa ya tsaga su ya yi kwazazzabai. Ka shigo ƙasar Adar ke nan.

Wanda ya sauka daga mota ya shiga ɗaya daga cikin kwazazzaban nan na wajen Madawa, Buza, Keita ko Tamaske, ya sunkuyar da kai yana tafiya sannu, zai iya cin karo da abin mamaki: dutse mai siffar katantanwa sak, da wani mai kamar makankari, da wani kewayayye kamar ƙaramar waina, mai zanen tauraro mai reshe 5 a bayansa. Wannan na ƙarshen wata halitta ce mai ƙayoyi da ake kira bushiyar teku, kuma ba ta rayuwa a gulbi ko tafki, sai a ruwan gishiri. Ba sassaƙa ba ce, ba kuma aikin aljannu ba ne. Halittu ne da suka mutu, laka ta rufe su, shekaru suka yi ta shuɗewa har suka koma dutse.

Tekun da ya raba Sahara biyu

Masana ilimin ƙasa sun nuna cewa tsakanin shekaru miliyon 100 da miliyon 50 da suka wuce, ruwan teku ya yi ta shigowa wannan yanki yana ja da baya. A wancan zamani duniya ta fi yau zafi, tekuna sun cika sun tumbatsa har suka hau kan nahiyoyi. Ruwa ya gangaro daga arewa, daga wani tsohon teku da ake kira Tetis, wanda Bahar Rum na yau ragowarsa ne, ya ratsa Sahara ya cika wani makeken kwari da ya haɗa yammacin Nijar da gabashin Mali da ƙasar Sakkwato. Masana na kiran wannan kwari da sunan Buzayen Iwillimmidan. A lokacin da ruwan ya fi cika, ya haɗe da tekun kudu ta kwarin Binuwai. Teku ne marar zurfi sosai, mai ɗumi, mai yawan abinci.

Ba sau ɗaya ya zo ba, kuma kowane zuwa ya bar nasa sawu. Na wajen shekaru miliyon 95 ya bar wa Damargu, a kewayen Tanut, wasu halittu masu ƙoƙo a naɗe kamar ƙahon rago, waɗanda ake kira amonit. Ɗaya daga cikinsu ma sunan ƙasarmu ya ci: a 1943 aka raɗa masa Nigericeras. Na wajen shekaru miliyon 70 ya bar ƙasusuwan manyan dabbobin ruwa. Na wajen shekaru miliyon 60 kuwa shi ya shimfiɗa farin dutsen nan na Adar da na Kalambaina, kusa da Sakkwato.

To, ina Agye da Gazawa da Gidan Rumji a wannan labari? Su ne gaɓa. Abin da ke ƙarƙashin rairayinmu yawanci yashi ne da tsakuwa da yumɓu waɗanda koguna suka kwaso daga tuddan kudu suna neman teku. Shi ya sa mai haƙar rijiya a nan ba katantanwar teku ya fi haɗuwa da ita ba, sai tsakuwar kogi mai santsi. A irin wannan shimfiɗa ne kuma, nan da can, ake samun itacen da ya zama dutse. Kuma wannan tsohon yashi shi ne tulun da ke riƙe da ruwan da rijiyoyin jihar Maraɗi da yawa ke sha. A Adar kuwa, inda lakar teku ta yi kauri, akwai garuruwan da sai an huda ɗaruruwan metir kafin a kai ga ruwa mai yawa. Ashe labarin teku labarin rijiya ne.

Dodon Goronyo

Mu koma Gidan Rumji, mu bi ruwa maimakon kwalta. Gulbin Maraɗi, bayan ya wuce Tibiri da Gidan Rumji, yana tsallaka iyaka ya faɗa Gulbin Rima, shi kuma ya gangara Goronyo. Hanya ce da Gobirawa suka sani tun kaka da kakanni. A tuddan wannan yanki na Sakkwato ne aka tono ƙasusuwan da wani masani na Landan, Swinton, ya bayyana a 1930 cewa na mozazor ne.

Mozazor wani irin ƙaton ƙadangaren teku ne, dangin guza da damo na nesa, sai dai ƙafafunsa sun zama kamar filafilai, wutsiyarsa kuma ta iyo ce. Wasu irinsa sun wuce metir 10 a tsawo. Shi ne sarkin ruwa a zamaninsa, har ya ɓace tare da dinozor shekaru miliyon 66 da suka wuce. Wajen 1970 masana daga birnin Florans na Italiya suka zo yankin Goronyo suka sami ƙoƙon kai da wasu ƙasusuwa, suka ga dabbar ta bambanta da sauran danginta, doguwar fuskarta kamar ta kada. A 1972 suka sa mata suna Goronyosaurus, wato ƙadangaren Goronyo. A 1975 kuma aka bayyana wani kadan teku daga duwatsun yankin, aka kira shi Sokotosuchus.

A ɓangaren Nijar, wurin da ya fi suna shi ne dutsen Igdaman, arewa maso gabas da Tawa, inda akwai shimfiɗar da ke cike da ƙasusuwa da haƙoran kifaye, da na kunkuru, da na kada. Ayarin masana daga Ingila ya yi aiki a yankin a 1988. A 1991 masani Lingham-Soliar ya raɗa wa wani mozazor sunan dutsen, Igdamanosaurus. Haƙoransa dasassu ne, na farfasa ƙoƙon katantanwa. A 1998 ya ƙara bayyana wani, Pluridens, mai haƙora jere rututu.

Tun kafin su, sojojin mulkin mallaka ne suka fara kwasa. A 1903 aka ba da labari a Paris na halittun teku da Kaftin Gaden ya tsinto a Tamaske. A 1904 aka bayyana a Landan bushiyoyin teku da ƴan hukumar shata iyaka tsakanin Faransa da Ingila suka ɗauko a yankin. Suna auna inda za su raba ƙasar Hausa biyu, ga shi kuwa ƙarƙashin takalmansu teku guda ne bai san iyaka ba.

Kada kuma a ɗauka wannan tunani Turawa suka fara shi. Wajen shekaru 1000 da suka wuce, malami Al-Biruni ya duba duwatsun filayen Indiya ya ce da can teku ne koguna suka cike shi, Ibn Sina kuma ya yi rubutu a kan yadda halittu ke zama dutse.

Farautar da ba ta son gaggawa

Yaya ake wannan farauta? Ba ta bukatar kare ko kwari da baka. Ido take so da haƙuri. Lokacinta bayan damina, sa'ad da ruwa ya wanke gefen tuddai ya tone sabon abu. Mafarauci yakan bi gindin tudu yana duban ƙasa. In ya ga gutsuren ƙashi, sai ya bi sawunsa ya hau sama har ya kai shimfiɗar da ya gangaro daga cikinta, domin a nan sauran jikin yake.

Daga nan sai aiki ya koma na allura. Kafin a taɓa komi, sai an rubuta wurin, an ɗauki hoto, an auna shimfiɗar da ke sama da wadda ke ƙasa. Ana share ƙasa da ɗan buroshi da tsinke, a zuba wa ƙashin wani ruwan danƙo don kada ya ruguje, sa'an nan a naɗe shi da tsumman buhu da filasta, kamar yadda likita ke ɗaure karaya. Abin da aka tono cikin mako guda yana iya cin shekara ana gyaransa a ɗakin bincike.

Dalilin wannan wahala shi ne, dutsen ƙasa kamar littafi yake: shafi na ƙasa ya girmi na sama. Ƙashin da aka fizge aka kai kasuwa ba tare da an san inda ya fito ba, kamar warƙa ce da aka yage daga littafi, iska ta kai ta wani gari. Kyanta na nan, amma ma'anarta ta tafi.

Rabonmu a ciki

Mu duba abin da muke ci daga tekun nan ba mu sani ba. Simintin Malbaza, wanda ake yi tun shekarun 1960, da na Kalambaina, daga farin dutsen nan ake ƙona su, shi kuwa dutsen tarin ƙoƙunan halittun teku ne. Duk ɗakin siminti irin wannan da aka gina a Agye ko Gazawa, da katantanwar teku aka gina shi. Haka fosfat ɗin Tawa, wanda cibiyar binciken noma ta INRAN ta gwada a matsayin taki ga gajiyayyar ƙasarmu, gadon wannan teku ne.

Amma ta fuskar ilimi fa? Ƙoƙon kan dodon Goronyo yana Florans. Ƙasusuwan Igdaman suna Landan. Ɗan makarantar Gidan Rumji yana iya haddace sunayen kogunan Turai, bai taɓa riƙa bushiyar tekun Madawa a hannunsa ba. Gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai ya sa ƴan ƙasa sun san dinozor na Gadufawa, a jihar Agadas, amma tekun Adar bai sami irin wannan gata ba. Dokar ƙasa mai lamba 97-022 ta 30 ga Yuni 1997 ta tanadi kare kayan tarihi, sai dai doka a takarda ba ta tsaron kwazazzabo. Ruwa na tonewa kowace damina, rana na farfasawa, masu fasa dutse na niƙewa ba da mugun nufi ba, don ba wanda ya taɓa gaya musu abin da ke hannunsu.

Wasu ƙasashe sun riga mu zuwa wannan mararraba. A Maroko, haƙoran mozazor daga ramukan fosfat na Kuribga sun zama hajar kasuwa, ana fita da su ƙasashen waje buhu-buhu. A Masar kuwa, an killace Wadi al-Hitan, wato kwarin manyan kifayen nan masu shayarwa, hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2005, yau baƙi na biyan kuɗi su gani, ƙasusuwan kuma suna nan inda Allah ya ajiye su. Wace hanya za mu bi?

Abin da ake bukata bai fi ƙarfinmu ba. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi, wadda aka kafa a 2010, tana koyar da ilimin ƙasa. Ɗaki guda a cikinta ya isa ya zama mafarin ma'ajiya. Malaman makarantun sakandare na Agye, Gazawa da Gidan Rumji suna iya kai ɗalibai Adar sau ɗaya a shekara, su ga gindin teku, su dawo su leƙa rijiyar garinsu su ga gaɓarsa. Masu haƙar rijiya da masu fasa dutse kuwa, su ne suka fi kowa ganin cikin ƙasa, ya kamata a ɗauke su abokan aiki, a saurare su, a kuma saka musu idan sun kawo labari. Sarakuna da masu gari su san cewa tudun da ke bayan gari dukiya ce, kada baƙo ya cika mota da ita ba takardar izini.

Kai kuma mai karatu, idan Allah ya sa ka yi tuntuɓe da irin wannan dutse, kada ka fasa shi don ganin abin da ke ciki, kada ka sayar da shi kuɗin goro. Ka lura da wurin, ka sanar da malamin makaranta ko hukumar kula da al'adu ta gundumarku. Ya yi shekaru miliyon 60 yana jiran wanda zai karanta shi. Abin kunya ne a ce da ya fito, ɗan gida ne ya niƙa shi, ko kuma baƙo ne kaɗai ya san darajarsa.

Allah ya ba mu idon gani, ya kuma ba mu damina mai albarka.