Gargaɗi: Kada a Fara Maganin Kansar Huhu Ba a Auna Ƙwayoyin Halittar Ƙarin Ba

Jama'a, wannan kira ne ga duk gidan da likita ya shaida wa cewa wani nasu yana da kansar huhu. Kafin a ɗaura ruwan kemo na farko, kafin a sayar da gona ko fili a zuba kuɗin a magani, ku yi wa likita tambaya guda: an auna ƙwayoyin halittar ƙarin nan? An duba EGFR? An duba ALK? Ku rubuta haruffan nan a takarda ku shiga da ita ɗakin likita. Amsar tambayar nan na iya sauya maganin gaba ɗaya, ta kuma ƙara wa majinyaci shekaru da iznin Allah.

Cutar ba ƙarama ba ce. A ƙiyasin cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya, a shekarar 2022 mutum kusan miliyan 2.5 ne suka kamu da kansar huhu, wajen miliyan 1.8 kuma suka rasu sanadinta. Babu kansar da ta kai ta kisa. Amma sunan nan guda ya tattara cututtuka iri-iri, kuma abin da ke rarrabe su yana can cikin ƙwayoyin halittar ƙarin.

Kowace ƙwayar halitta a jikin mutum tana ɗauke da umarnin da ke gaya mata lokacin da za ta hayayyafa da lokacin da za ta dakata. Wani lokaci sai wuri guda a cikin umarnin ya samu tangarɗa, ya zama kamar makunnin lantarki da ya maƙale a kunne, ƙwayar ta yi ta hayayyafa ba tsayawa har ta zama ƙari. A nan ina so a fahimce ni da kyau, don na san yadda magana ke yaɗuwa a dangi. Galibin wannan tangarɗa a cikin huhu take faruwa bayan an haifi mutum, ba daga iyaye aka gaje ta ba, kuma ba ta cikin jinin 'ya'yansa. Ba a ɗaukar ta ta tari ko ta cin abinci kwano ɗaya. Kada a fasa auren wata yarinya don an ji likita ya ambaci ƙwayoyin halitta a kan ciwon mahaifinta.

To, yaya yawan abin yake? Ya fi yadda mutane suke zato nesa ba kusa ba. Wajen kashi 85 cikin 100 na kansar huhu tana cikin rukunin da ƙwayoyinsa ba ƙanana ba ne, kuma nau'in da ya fi yawa a rukunin shi ne adenokasinoma. A shekarar 2014 wasu cibiyoyin kansa 14 na Amurka suka fitar da sakamakon awon da suka yi wa masu wannan nau'i: cikin mutum 733 da aka duba wa wurare 10 a ƙwayoyin halittar ƙarinsu, kashi 64 cikin 100 an same su da tangarɗar da ke tuƙa cutar. Wato kusan mutum biyu cikin uku. Tangarɗar wurin da ake kira KRAS ce ta fi yawa a tsakanin Turawa, wajen mutum ɗaya cikin huɗu, kuma ta fi bin masu shan taba. EGFR kuwa lamarinta ya danganta da jinsin mutane: a Turai da Amurka kashi 10 zuwa 15 ne, amma a gabashin Asiya, irin su Sin da Japan da Taiwan, takan kai kashi 40 zuwa 50. ALK, wadda masana a Japan suka gano a kansar huhu a 2007, tana cikin kashi 3 zuwa 5, kuma ta fi kama masu ƙarancin shekaru waɗanda ba su taɓa shan taba ba. ROS1 da RET kowace kashi 1 zuwa 2 ce.

Kusan dukkan alƙaluman nan daga Turai da Amurka da Asiya suka fito. A ƙasashenmu na kudu da hamadar Sahara awon bai wadata ba, majinyata da yawa suna rasuwa ba a taɓa duba ƙarinsu ta wannan fuska ba. Wannan abu yana ci mini rai. Rashin awo ba ya nufin tangarɗar ba ta nan.

Dalilin da ya sa nake matsawa shi ne akwai magani. A 2004 likitoci a Boston da New York suka gano cewa majinyatan da ƙarinsu ke narkewa idan sun sha ƙwayar gefitinib, masu tangarɗar EGFR ne. Tun daga nan aka shiga ƙera magungunan haɗiya da ke zuwa kai tsaye su toshe wurin da ya lalace. A gwajin da aka wallafa a 2018, masu EGFR da suka sha osimertinib sun yi kimanin wata 19 cutar ba ta ci gaba ba, waɗanda suka sha tsofaffin ƙwayoyin kuma wata 10. Na ALK ya ma fi ban mamaki: a 2024 aka bayyana cewa kashi 60 cikin 100 na waɗanda aka bai wa lorlatinib sun cika shekara 5 ba tare da cutar ta motsa ba, alhali mutane ne da kansa ta riga ta yi nisa a jikinsu. KRAS da aka daɗe ana ganin ba ta da makari, a 2021 Amurka ta amince da sotorasib ga wani reshe nata.

Sai dai gargaɗin nan yana da fuska ta biyu, kuma ita ma tana kisa. Kada wanda ya ji sunayen magungunan nan ya aika wa ɗan'uwa a Indiya ko Masar ya sayo, a bai wa mara lafiya ba tare da awo ba. Wani babban gwaji da aka yi a Asiya, wanda ya fito a 2009, ya nuna ƙarara cewa wanda ba shi da tangarɗar EGFR, idan aka ba shi gefitinib, cutarsa ta fi saurin ci gaba fiye da a ce kemo aka yi masa. Ga asarar kuɗi, ga asarar watannin da ba za su dawo ba. Haka kuma allurai masu tsada da ke zaburar da garkuwar jiki ba su cika yi wa masu EGFR da ALK aiki ba, kuma bin su da osimertinib na iya jawo kumburin huhu mai haɗari.

Kada kuma a ce ai Hajiya ba ta taɓa riƙe karan sigari ba, don haka ba zai zama kansa ba. Taba ita ce babbar musabbabi, wannan ba gardama, mai sha ya daina yau. Amma tangarɗar EGFR ta fi yawa ne a cikin mata da waɗanda ba sa shan taba. A 2023 masu bincike a Cibiyar Francis Crick ta Landan, ƙarƙashin Farfesa Charles Swanton, suka nuna yadda gurɓatacciyar iska ke tayar da ƙwayoyin huhu masu wannan tangarɗa su zama ƙari. Ku tuna da iyayenmu mata da ke wuni a madafa cikin hayaƙin itace, da masu sana'a a bakin titi da gefen janareta.

A wurinmu tarko mafi girma shi ne tarin fuka. Alamomin kusan ɗaya ne: tari da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, kaki da jini, rama, ciwon ƙirji, numfashi sama-sama. Tari ya wuce mako 2, a je a yi awon tarin fuka, kyauta ne a asibitocin gwamnati a Nijeriya. Amma idan awon kaki bai nuna komai ba, ko an yi wata 2 ana shan maganin tarin fuka ba sauƙi, kada a zauna jiran cikar wata 6 na maganin. A koma asibiti, a nemi a tura mara lafiya wurin likitan ƙirji, a yi hoton siti, a ciri ɗan tsokar ƙarin a auna.

Wannan ɗan tsoka da aka cira, ɗakin awo yakan daskarar da shi cikin kakin kyandir ya adana. Ku tambayi inda yake, ku karɓi lambarsa da takardar sakamakon. Idan asibitin ba ya awon EGFR da ALK, ana iya aika samfurin wani ɗakin awo a cikin ƙasa ko a waje, kuma idan tsokar ba ta isa ba akwai awon jini da ke iya gano tangarɗar EGFR. Idan awo ya nuna EGFR amma kuɗin osimertinib ya gagara, a tambayi likita erlotinib ko gefitinib, waɗanda suka fi sauƙin farashi, kuma tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa su cikin jerin muhimman magunguna. In maganin ya daina aiki bayan wani lokaci, a sake awo, domin a wajen rabin masu shan waɗannan ƙwayoyi biyu ƙarin yakan samu sabuwar tangarɗa mai suna T790M, ita ma osimertinib yana kama ta.