Yadda Ake Auna Tazara Tsakanin Masu Samu da Marasa Samu da Kwamfuta

'Yan'uwa, duk shekara bayan girbi kwamitocinmu na ƙauyuka sukan aiko da rahoto cewa kowane gida ya sami buhu kaza a matsakaici. Da wannan adadi ne ake yanke shawarar inda za a kai taki da hatsin agaji. Matsalar ita ce matsakaici yakan ɓoye masu jin yunwa.

Bari mu ɗauki misali. A ƙauye na farko gidaje 5 sun girbe buhu 8, 9, 10, 11 da 12. A na biyu sun girbe 2, 4, 6, 8 da 30. Kowane ƙauye buhu 50 ke nan, matsakaici 10. A takarda daidai suke. Amma wanda ya taɓa zama a ƙauye ya san gidan da ke da buhu 2 rumbunsa zai ƙare tun kafin ruwan farko ya sauka.

Akwai ma'aunin da ke nuna wannan bambanci. Wani masanin ƙididdiga ɗan Italiya, Corrado Gini, ya fito da shi a 1912, kuma da sunansa ake kiransa. Yana tafiya daga 0 zuwa 1. Sifili na nufin kowa ya sami daidai da kowa. In ya kusanci 1, kusan komai na hannun mutum ɗaya. Binciken zaman rayuwar gidaje na Nijeriya na 2018 zuwa 2019 ya ba da kusan 0.35, Afirka ta Kudu kuwa ta kai kusan 0.63 a 2014.

Ba sai da manhaja mai tsada ba. Masu bincike kan yi amfani da Stata ko R, amma Excel da ke ofis ya isa. A jera girbin gidajen daga ƙarami zuwa babba a layin B, a sa lambar kowane gida, 1 zuwa 5, a layin A. Sai a rubuta:

=2*SUMPRODUCT(A1:A5,B1:B5)/(5*SUM(B1:B5))-6/5

Inda 5 take a sa yawan gidajen, inda 6 take a sa yawan gidajen da ƙarin ɗaya. Ƙauye na farko zai ba da 0.08, na biyu 0.48. In aka manta jerawar, kwamfuta ba za ta yi gargaɗi ba, amsar banza kawai za ta bayar.

A ganina wahalar ba a lissafin take ba, a tambayar take. Magidanci ba ya son faɗin abin da ya samu, wani don kunya, wani don tsoron kada a cire shi daga agaji. Kuɗin da ɗa ya aiko daga birni da cinikin ƙosan uwargida ba sa shiga cikin buhunan. Shi ya sa binciken Nijeriya ya dogara ga abin da gida ke ci da kashewa. Sannan buhu 10 a gidan mutum 4 daban yake da buhu 10 a gidan mutum 15, don haka a raba wa kowane kai kafin a jera.

Gidan da bai girbe komai ba, kamar na gwauruwar da ambaliya ta cinye gonarta, a rubuta masa 0, a ƙirga shi cikin gidajen. In aka tsallake shi adadin zai sauka, ƙauyen ya bayyana kamar ya fi daidaito fiye da yadda yake.