Tallafin korona: me ya iso wa makiyayin Gabi?

A 2020 gwamnatin Amurka ta biya makiyayanta kuɗi bisa yawan shanunsu, don korona ta karya farashi. Mu nan Gabi wahala ta riga cutar zuwa: tun Agusta 2019 Nijeriya ta rufe iyaka, kai bisashe kasuwar Jibiya ya yi wuya. Bijimina a Maraɗi na sayar, da araha.

Namu tallafin ba kuɗi ba ne. Dussa ce mai rahusa da bazara, sai allurar ciwon huhu kyauta. Dussar kuwa ba ta isar kowa. A ƙungiyarmu, waɗanda suka rubuta suna ake sayo wa. Bara na yi sakaci, na saya da tsada a kasuwa. Ku rubuta sunanku da yawan bisashenku tun kaka.