Asusunka na ta kullewa? Ga yadda ake gano na'urar da ke jawo haka

Akwai wata matsala da ke wahalar da ɗalibai da ma'aikata a wuraren da ake shiga Wi-Fi da suna da kalmar sirri, kamar jami'o'i da manyan ofisoshi. Mutum ya canza kalmar sirrinsa, washegari ya tarar an kulle asusunsa. A buɗe masa, kafin azahar ya sake kullewa. Ɗalibi na iya rasa rajistar jarrabawa a kan haka, ma'aikaci kuma aikinsa ya tsaya cak.

Mu fara da dalili. An tsara uwar garke ne ta kulle asusu idan aka yi ta shigar da kalmar sirri ba daidai ba, don a tare ɓarawon da ke cinke. A sababbin Windows 11, misali, kuskure 10 ke jawo kullewar minti 10. Sau da yawa kuwa ba ɓarawo ba ne. Wata tsohuwar salula ce ko kwamfuta da ta riƙe tsohuwar kalmar, da zarar ta ji rezo sai ta yi ta gwadawa ba wanda ya taɓa ta.

Matakin farko na mai kula da rezo shi ne duba kundin da Windows ke rubuta abin da ya faru. Lamba 4740 na nuna lokacin da aka kulle asusun da inda buƙatar ta fito. Idan ta Wi-Fi ne, sau da yawa wurin sunan na'urar ba komai, ko kuwa sunan uwar garken da ke tantance masu shiga zai gani. Sai ya koma can, ga NPS, ya nemi lamba 6273, wadda ke nuna an hana shiga. A cikinta yawanci akwai adireshin MAC na na'urar, da kuma shaidar akwatin Wi-Fi ɗin da ta bi.

Adireshin MAC alamomi 12 ne. Guda 6 na farko na nuna kamfanin da ya ƙera na'urar, bisa rajistar da IEEE ke riƙe da ita. Amma a kula: tun daga Android 10 a 2019 da iOS 14 a 2020, wayoyi kan ƙirƙiro adireshi na daban ga kowane rezo. Idan alama ta biyu ta kasance 2, 6, A ko E, to ƙirƙirarre ne, ba za a san kamfanin ta nan ba.

Daga nan sai a koma ga wuri da lokaci. Wane akwati ne ke jin na'urar, na wane ɗaki? Ƙarfin sigina -40 na nufin tana kusa, -80 tana nesa. Idan kullewar na farawa ƙarfe 8 na safe ta tsaya da yamma, na'urar a aljihun wani take, yana zuwa da ita. Idan dare da rana ne, tana ajiye cikin ginin, wataƙila a durowa an bar ta a caji.

In an same ta, a sa ta manta da rezon, sannan a shigar da sabuwar kalma. In ba a same ta ba, a toshe adireshinta. In kuwa ta tabbata baƙuwa ce, ba ta mai asusun ba, a sake kalmar sirri nan take. Kada a cire tsarin kullewar don a huta, wannan buɗe wa ɓarawo ƙofa ne.

Nasiharmu ita ce, kafin ka zargi abokin aikinka da yi maka kutse, tuna wayar da ka ba ƙanenka ko ɗanka. Ka goge asusunka daga duk na'urar da za ta bar hannunka, kuma ranar da ka canza kalmar sirri ka bi na'urorinka ɗaya bayan ɗaya. Allah Ya sa mu dace.